Kan Sarkin Sisi

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Talata Mafara. Ita ke rubuta wa mutanen gidansu wasiƙa. Tana da ƙoƙari, amma in ta ce ta san abu, ba ta yarda a gyara mata.

Lokacin ana aikin dam ɗin Bakolori. Babanta, Malam Maccido, birkila ne a wurin. Ran nan ya dawo gida da albishir.

"Za a ɗauki direbobin tifa ranar Litinin ta sama," in ji shi. "Rubuta wa Kawunki Jibrin a Zariya, ya zo da lasinsa. Wata shida ke nan yana zaune ba aiki."

Ta rubuta. Baba ya ba ta sule guda, wato kwabo goma. Ya ce in an sami canji ta sayi fensir.

A gidan waya ta gaida Malam Sanusi, mai sayar da kan sarki. Ta ce a ba ta na sisi, wato kwabo biyar.

"Wasiƙa za ki aika? To, sai na sule. An ƙara kuɗi tun farkon wata. Ga sanarwa can a bango."

"Malaminmu ya ce sisi ne."

"Yaushe ya faɗa?"

"Bara."

"Ɗiyata, bara daban, bana daban. Je ki karanta."

Ba ta ko dubi bangon ba. Masu layi suka fara tsaki. Malam Sanusi ya sake yi mata bayani har sau biyu.

"Ni dai na sisi nake so," in ji ta.

Ya gaji, ya miƙa mata. "Kada ki jefa ta sai kin ƙara wani," ya ce.

Tana fita ta liƙa, ta jefa wasiƙar a akwati. Ta sayi fensirinta.

Litinin ta zo, Kawu bai zo ba. Inna ta yi ta leƙa ƙofa har la'asar. Sai ranar Laraba ya iso, duk ya gaji.

"Ina ka tsaya, Jibrin?" in ji Baba. "An riga an ɗauki mutane."

Kawu ya fito da ambulan. "Kuɗin kan sarkin bai cika ba. Sai da aka aiko in je in biya tara, sannan aka ba ni. Kafin saƙon ya same ni, kwana biyar sun wuce."

Baba ya juya ya dube ta. "Sule na ba ki. Ba a faɗa miki an ƙara kuɗi ba?"

"An faɗa, Baba."

"Sau nawa?"

"Sau uku."

Baba ya riƙe kai. Inna ta ce, "Ƙanena ya rasa aiki saboda gardamarki." Yarinya ta fashe da kuka.

Washegari Baba ya kai ta gidan waya. Ya sa ta karanta sanarwar da ƙarfi. Sannan ta ba Malam Sanusi haƙuri.

"Ba komai," in ji shi. "Mota ke ɗaukar wasiƙu, mai kuma ya yi tsada. Ma'aikata ma ana biyansu. Shi ya sa kuɗin ke canzawa. Kullum ki tambaya tukuna."

Kawu ya zauna gidansu yana jira. Bayan mako uku aka kawo sababbin motoci, aka ɗauke shi. Ranar da ya fara aiki, ya ce ta rubuta wa matarsa. Wannan karon sai da ta tambayi kuɗin, kuma ta saurara.

Yara, abin da kuka sani jiya yana iya canzawa yau. In mai aikin abu ya gyara muku, ku saurara, ku bar gardama.