Takalmi Ƙafa Ɗaya a Bakin Kogi

Wata mata ta shigo caji ofis da sassafe, riƙe da takalmi ƙafa ɗaya a cikin leda. Kafin ta ƙaraso gaban kanta, Sufeto ya riga ya zaro hankici ya toshe hancinsa.

Sufeton nan baƙo ne a garin, ba a daɗe da yi masa canjin wurin aiki ba. Tun ranar da ya sauka yake fama da ciwon kai, domin kogin da ya ratsa tsakiyar garin ba ruwa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Kamfanonin fata da na sabulu da na fenti duk a bakinsa suke, kowa na zuba abin da ya ga dama. Masu gidajen gefen ruwa ba sa buɗe taga ko da zafi zai kashe su. In aka shanya wanki, da wari yake bushewa. Masu sayar da abinci sun gudu daga kan gada, direbobin haya kuwa da sun doso ta sai su ɗaga gilashi su taka wuta. 'Yan gari, Allah sarki, hancinsu ya daɗe da mutuwa. Dariya ma Sufeto yake ba su, a bayan idonsa ƙananan ma'aikata Mai Hankici suke ce masa.

"Baiwar Allah, zauna. Me ke tafe da ke?"

"Yallabai, maigidana ne. Shi ke tuƙa tankar kamfanin fata. Shekaranjiya da sassafe, ana tafka ruwan sama, aka kira shi a waya ya fita. Har yau bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Na je kamfanin sun ce ba su gan shi ba. Ɗazu aka tsinci wannan a bakin kogi." Ta ɗaga ledar. "Nasa ne, ni na kai aka ɗinke masa bakin nan. Maƙwabta har sun fara shigowa suna ba ni haƙuri. Don Allah, in ya mutu a ba ni gawarsa, in yana raye a faɗa mini."

"Wa ya kira shi?"

"Bai faɗa ba. Amma tsaye ya miƙe yana amsa wayar, sai 'To yallabai, to yallabai' yake ta yi."

"Yana da abokin faɗa?"

"Akwai wani tsoho mai lambu a ƙasan gada. Kwanaki ya tare shi a gaban jama'a, ya ce in ya sake ganinsa a wurin sai ya jefa shi ruwa."

Sufeto ya leƙa cikin ledar, ya yi saurin kawar da kai. Ba warin kogin da ya saba ji ba ne. Wannan warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, mai hawa kai kamar an buga ƙusa. Tausayin matar ya kama shi, don a aikinsa takalmi ƙafa ɗaya bai cika zuwa da labari mai daɗi ba.

"Saje, tada mota."

Saje ɗan gari ne, a unguwar bakin kogin ma aka haife shi. Da suka isa ƙasan gada sai ya buɗe ƙirji ya shaƙi iska, ya ce, "Yau ai da sauƙi, yallabai." Sufeto ya harare shi ta saman hankici.

A cikin taɓon da ya fara bushewa akwai sawun tayar babbar mota, ya gangaro har bakin ruwa. A gefensa kuma ga sawun ƙaramar mota. Ciyawar wurin ta yi baƙi ƙirin kamar an ƙona ta.

Mai lambu na tsugune a cikin kayan lambunsa. Da ya hango kaki sai ya miƙe tsaye, fartanya a hannu.

"Sannu da aiki, Baba. Shekaranjiya da safe kana ina?"

"Ina gida, ranka ya daɗe. Wa zai fito cikin wannan ruwa?"

Sufeto ya nuna bakin hanyar ruwan da ke shiga lambun, inda aka toshe da sabuwar ƙasa. "Wannan fa, wa ya toshe? Dubi yadda sawun ƙafarka ya nutse har idon sawu. A cikin ruwan sama aka yi aikin nan, Baba. Furfura ba ta dace da ƙarya ba."

Tsohon ya yi wuƙi-wuƙi, sannan ya ajiye fartanya. "Wallahi tsoro ne. Kowa ya ji na ce zan jefa shi ruwa, in na buɗe baki ai ni za a fara kamawa."

"To buɗe yanzu."

"Haka suke yi, ranka ya daɗe. Jira suke hadari ya sauko, sai su kawo dattin ramin da ake jeme fata su juye, ambaliya ta tafi da shi ba wanda ya gani. Shi ya sa da na ji ruwa nake rugowa in toshe, kada ya ƙone mini shuka. Ran nan ina kallo ya buɗe bakin tankar, abin ya bugo masa a fuska, ya faɗi tim kamar buhu. Sai wani mai rigar ruwa ya fito daga ƙaramar mota, ya ja shi ya tura bayan motar ya tafi. Can an jima wani ya zo ya ja tankar."

"Ka ga fuskarsa?"

"Ina! Ruwa ya rufe ko'ina."

"Direban fa, yana motsi?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ban ga ya motsa ba."

Sufeto ya tuna matar da ya bari zaune a kan benci da ledarta a cinya.

Manajan kamfanin fata ya tarbe su da fara'a har kunne. Ofishinsa sanyi ƙalau, na'urar sanyaya ɗaki na ta huci. Mutum ne mai son a san tarihinsa, don kafin su gama zama ya riga ya sanar da su cewa tun yana saurayi yake kamfanin, daga ramin jima ya hau har kan wannan kujera.

"Direbanku ya ɓace," in ji Sufeto.

"Na ji, wallahi abin ya dame ni. Amma ran nan bai zo aiki ba, tankar ma ba ta fita ba."

"Ba kai ka kira shi ba?"

"Ni? A kan me?"

"An ga tanka a ƙasan gada tana juye datti."

"Haba, Sufeto! Kamfani nawa ne a bakin kogin nan? Mu dattinmu tacewa muke yi. Ni rabona da taka bakin ruwan nan har na manta. Wannan warin ma da ake ta surutu a kai, ni ban san inda yake ba. Mutane ne da sharri."

Da gaske yake faɗin wannan na ƙarshen, Sufeto ya gani a fuskarsa. Mutumin ba ya jin komai.

Suka fito harabar. Tankar na can gefe an wanke ta tas, har tayoyi, ita kaɗai a cikin motocin da duk taɓo ya yi wa ado. Sufeto ya nufe ta, Manaja ya sha gabansa da surutu. Saje kuma ya shiga motar ofis ya murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ko gezau. Halinta ke nan, sai ranar da ake buƙatarta take tuna tsufanta.

"Kada ku damu," Manaja ya ce da sauri, don so yake su bar masa harabar. "Gida zan tafi cin abinci, hanya ɗaya ce. Ku zo in sauke ku."

Saje ya shiga gaba, Sufeto ya zauna a baya. Manaja ya ɗaga gilasai, ya kunna sanyi, suka hau titin da ke tafiya unguwannin tudu, inda masu hali suka gudu suka bar wa talakawa kogi.

Sufeto ya san hanyar nan sarai, a nan ne kullum yake mayar da hankicinsa aljihu. Yau kuwa kogin na nisa, warin na ƙaruwa. Ruɓaɓɓen ƙwai, irin na cikin ledar nan sak. Ya dubi na gaba. Manaja na ta ba da labarin yadda ya gina gidansa, Saje na gyaɗa kai, ko a jikinsu. Ya danna kujerar da tafin hannu, ya ji danshi. An wanke ta, an goge, mai motar ya shinshina da mataccen hancinsa ya ji fes, shi ke nan ya ɗauka magana ta ƙare.

Ƙafarsa ta taɓa wata leda a ƙarƙashin kujerar gaba. Ya jawo a hankali ya buɗe. Robobin ƙarin ruwa ne sababbi, da allurai da auduga.

Wata irin ajiyar zuciya ta ƙwace masa, har Saje ya waiwayo. Wallahi tun da ya zo garin nan bai ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Ba a yi wa gawa ƙarin ruwa.

"Manaja, wa ba shi da lafiya a gida?"

"Lafiya lau muke, alhamdulillahi."

"To wannan na wane ne?" Ya ɗaga ledar daidai madubi.

Motar ta yi tangaɗi. Saje ya riƙe sitiyarin da hannu ɗaya.

"Ka ce rabonka da bakin ruwa har ka manta. Motarka kuwa ɗoyi take kamar ramin jima, kai ne dai ba ka ji. Mutumin da ka kwantar a kujerar nan a jiƙe yake da abin da ya juye. Kada ka tsaya a ofishinmu. Wuce da mu inda yake."

A bayan gidan Manaja akwai wani ɗan ɗakin ajiyar kaya, da kwaɗo a ƙofar. Saje ya karɓi makulli a hannun Manaja ya buɗe. Direban na kwance a kan katifa, robar ƙarin ruwa rataye a ƙusa, idanunsa sun yi jawur, numfashi da ƙyar. Amma da haske ya shigo sai ya ɗago kai.

"Ina matata?" ya ce da dasasshiyar murya. "An faɗa mata?"

"Tana nan tafe, bawan Allah. Kwanta abinka."

Sufeto ya kira motar asibiti, ya kuma ce a ɗauko matar daga ofis. Manaja ya zube a kan wani bokiti da aka kife, gumi na tsiyaya.

"Ni na kira shi," ya ce. "Ni na sa shi. Da ya faɗi na ɗauka ya mutu, sai a mota na ji yana nishi. In na kai shi asibiti, likita zai tambayi me ya shaƙa, daga nan sai hukuma, a rufe kamfani. Na samo wani mai kemis yana zuwa yana duba shi. Na ce in ya warke in lallashe shi ya yi shiru. Ban yi niyyar kashe kowa ba, Sufeto."

"Da ya cika a ɗakin nan fa?"

Saje ya zaro ankwa ya danna wa Manaja.

Ana fito da direban a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, matar ta iso. Ta tsaya cak a bakin ƙofar gida, ta kasa gaba ta kasa baya. Sai da ya ɗaga mata hannu ta saki ƙara ta ruga. Ta taɓa goshinsa, ta taɓa ƙirjinsa, tana kuka tana dariya, tana yi masa faɗa a kan fita cikin ruwa ba tare da ya faɗi inda za shi ba. Saje, ƙaton mutum, ya juya baya yana goge ido.

Da aka zo wucewa da Manaja sai ta miƙe. Sufeto ya matso, ya zaci shaƙe shi za ta yi. Amma a hankali ta yi magana.

"Har ofishinka na je, yallabai. Ka dube ni ka ce ba ka gan shi ba. Da ka ce mini yana raye, wallahi da ni zan zauna a ɗakin nan in yi jinyarsa. Kwana na yi ina tunanin yadda zan faɗa wa yara ubansu ya mutu."

Saje ya tasa ƙeyar Manaja zuwa motar 'yan sandan da ta kawo matar.

Ita kuwa ba ta ko bi shi da kallo ba. Ta haye motar asibiti ta zauna a gefen mijinta, ta kama hannunsa da hannu biyu. Ma'aikacin jinya ya ce ta ɗan saki zai auna shi. Ta ce ya auna ɗayan.