Ranar da Bututun Dutsen Kura Ya Haɗu

"Kai ka ce a kawo shi?"

Mika'ilu bai ɗago ba. Yana tsugune cikin ramin, hannunsa a kan wani jan jak, na'urar danna ƙarfe, da aka sauke daga jirgin ƙasan Kaduna da safe. Ni kuwa ina bakin ramin da ƙwaryar furar da nake sayarwa.

"Lailatu..."

"Ka amsa mini kawai."

"Ni ne."

Duk Dutsen Kura, unguwarmu a Minna, an san ramin nan. Kamfani ya jawo bututun ruwa daga gabas, ya jawo wani daga yamma, da suka iso bayan gidanmu sai bakunan suka saɓa. Kowane baki da faifan ƙarfe mai ramukan noti, amma ramukan sun ƙi dacewa. An ja da sarƙa, an danna da gungume, duk a banza. Mutane na ta tsine wa kamfani, ni kaɗai nake hamdala, kuma ko kunya ban ji ba. Ranar da bakunan suka haɗu aikin Minna ya ƙare, a kwashe ma'aikata zuwa Abuja, har da Mika'iluna.

Lokaci muke nema. Babana Malam Sanda ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da gidansa bayan tipa ne ba. Jummai 'yar maƙwabtanmu, wadda ta daɗe da sa wa Mika'ilu ido, ita ta kai wa gwaggona labarin wai duk garin da bututu ya ratsa yana da budurwa. Ƙarya ce, amma ta zauna. Kawu Ya'u ne ke lallaɓa mana Baba a hankali, kullum yana cewa mu ƙara haƙuri.

Sai ga masoyina da kansa ya gaya wa manyansu abin da zai daidaita bakunan!

Na tambaye shi ko ya gaji da ni ne. Ya ce makon jiya ya ga an fito da gawar jaririn maƙwabciyarmu Maijidda, wanda ruwan rijiyarmu ya sa wa gudawa. Ya ce tun farko ya san maganin aikin nan, ya yi shiru saboda ni, kuma shirun ya fara hana shi barci.

"Hasken raina, ki yafe mini. Ina sonki... amma ba zan iya ƙara jira a kan 'ya'yan mutane ba."

Da hannuna na yi wa jaririn nan wankan suna.

Ina tsaye ya ɗaura jak ɗin a kan faifan biyu, ya kama mariƙin yana dannawa. Ƙarfe ya yi ƙugi. Faifan da ya karkace ya taho a hankali kamar saniyar da ake ja da igiya, har rami ya dubi rami. Ya zura noti ya shige sumul. Leburori suka kaure da shewa, ni kuwa hawayena na zuba cikin furar mutane.

Ya roƙe ni in bi shi. Na ce ba zan bar Baba da abin kunya ba. Ranar Asabar tipa ta ɗauke su.

Bayan sati aka saki ruwa. Baba ya tsuguna a gaban famfon ƙofar gidanmu ya yi alwala, ya daɗe yana kallon ruwan. Kawu ya gaya masa wanda ya haɗa bututun, da abin da ya rasa dalilin haka.

Baba ya juyo ya dube ni.

"Ashe yaron nan ɗan kirki ne. A nemo shi ya turo magabatansa."

Kawu ya je har Suleja kusa da Abuja, ya bi sansanonin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Aka ce kamfanin ya watse, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya san inda Mika'ilu ya nufa.

Har yau famfon yana nan. Mata na cika bokitai suna sa wa wanda ya kawo ruwan albarka, yawancinsu ko sunansa ba su sani ba.

Ni ma a nan nake ɗiba. Ba ni da wani ruwan.