Shaidar Mai Garkuwa

A shagon cajin waya na unguwar Yalwawa a Dutse suka haɗu, ranar da wutar lantarki ta yi tafiyarta kamar yadda ta saba. Wayar Musaddiq na jone da gajeriyar igiya, shi kuma yana jone da wayar, a sunkuye kamar akuya a turke.

"Malam, da wannan sulken za ka shiga kogon? Dodon wuta yake fesawa, gasuwa za ka yi."

Ya ɗago kai. Budurwa ce cikin hijabi ruwan ƙasa, tana leƙen wayarsa tana danne dariya.

"Ke ma kina bugawa?"

"Na buga. Allah ya yaye mini."

Sunanta Ruwaida, 'yar Jahun, tana karatun jinya a Dutse. Wasan da Allah ya yaye mata kuwa shi ya riƙe Musaddiq tun yana jami'a: wata duniya ce ta intanet mai dodanni da mayaƙa, inda yake shugaban runduna, da birni mai ganuwa a hannunsa. Kullum bayan la'asar sai an tsare birnin, ranar Asabar kuma abokan gaba su kawo hari. Daɗin abin ya ƙare tuntuni. Saura tsoron kada a ce a hannunsa birnin ya faɗi.

Soyayyarsu ta waya ce, domin lokacin zance shi ne lokacin gadi.

"Rabin raina, yau ma ba zan samu zuwa ba. Gobe in sha Allahu."

"Ba komai, fursunana. Na yi maka kunun aya, na shanye a madadinka. Ka gaida dodanni."

Da maganar aure ta kai gaban mahaifinta, Malam Jaji, sai ya tura ƙaninsa Ɗanladi bincike a Limawa, unguwar su Musaddiq. Kawu Ɗanladi ya dawo da yamma yana ta juya hula.

"Yaya, ban ji aibunsa ba."

"Madalla."

"Ban ji alherinsa ba kuma. Mai shayi bai san shi ba. 'Yan majalisa sun ce ko dai wanda ya tafi Saudiyya ne. Liman ya ce akwai wani mai sallame salla ya fice da sauri, amma ƙeyarsa kawai ya sani."

Ga kuma Abdulbaƙi, dillalin babura, yana neman Ruwaida. Shi kam an san shi. Babu ɗaurin aure ko zaman makokin da ba a ganin babbar rigarsa, kuma a nasa binciken mutane sun faɗi har abin da ba a tambaye su ba. Malam Jaji ya ce ramin da ka sani ya fi rijiyar da aka rufe da tabarma.

Saƙon Ruwaida ya zo babu wasa a ciki.

"Baba ya ce ka kawo mutum ɗaya mai mutunci da zai ce ya san ka. Asabar bayan la'asar. In ba ka zo ba, iyayen Abdulbaƙi zai ba rana. Ni ba zan roƙe ka ba, Musaddiq. Ka san hanyar Jahun."

Ya zauna bakin katifa yana laluben mutum ɗaya. Duk wanda ya tuno, sunan wasa gare shi. A ƙarshe ya rubuta wa mai garkuwar rundunarsa, wanda ya daɗe yana tare masa sara, ya tambaye shi a wace ƙasa yake.

A Dutse yake. Sunansa Aaron Bot, mutumin Filato, ofishinsa na hawan da ke ƙarƙashin na Musaddiq a sakatariya. Sun sha haɗuwa a matakala, kowa na kallon wayarsa. Musaddiq ya roƙe shi ya raka shi Jahun ya shaide shi.

"Shugaba, in ni da kai muka tafi ranar Asabar, birni ya faɗi fa," in ji Aaron.

"Na sani."

"To sai in sa riga mai kyau."

Ranar Asabar, a kan tabarmar zauren Malam Jaji, wayar Musaddiq ta fara kuka a aljihu. Rundunar ce ke neman shugabanta. Hannunsa ya tashi da kansa, ya danne shi a kan gwiwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Aaron, "shekara da shekaru muna tare da shi, bai taɓa gudu ya bar na baya ba. In an raba ganima, shi ne na ƙarshen ɗauka. Lokacin da matata Martha ta kwanta asibiti, shi ya riƙe mini wurina, kullum sai ya tambayi jikinta."

"A wane yaƙin ne wannan?"

"Na waya ne, Baba."

Malam Jaji ya saurari aljihun da ke ta kuka har ya gaji ya daina.

"Yaro, me ya faru a can?"

"An cinye mu, Baba," in ji Musaddiq.

"An rasa rai?"

"A'a."

"To alhamdulillahi. Mai amana ne kai, wurin ajiye ta ne ba ka sani ba. Gobe akwai sunan jikana. Ka zo da wuri, kai za ka shimfiɗa tabarmi."

A motar komawa Dutse Musaddiq ya rubuta wa Ruwaida: "Birni ya faɗi, rabin raina."

"Allah ya maida alheri. Yaya kake ji?"

Ya daɗe yana kallon gonakin gero ta taga kafin ya amsa: "Yunwa nake ji."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Jahun. Abdulbaƙi ma ya zo, domin ba ya rasa taro, har ya fi kowa ɗaga murya wajen amin. Aaron ne ya tuƙa motar amarya, Martha na gefe tana koyon guɗa. Da aka watse, Malam Jaji ya dafa kan Ruwaida, ya kama hannun angon.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ga amana nan, Musaddiq. Wannan in ta faɗi, ba a sake bugawa."