Ranar da Bututuna Ya Yi Yoyo

Allurar ma'aunin ƙarfin ruwan tana sauka a gaban idona.

Ranar jarrabawarmu ta ƙarshe ce a makarantar koyon sana'a, inda na shekara biyu ina koyon aikin ruwa da iska da sanyin gini. An ba ni in haɗa tankin da rana ke ɗumama wa ruwa, ya kai ruwan zafi banɗaki ba tare da an ci wuta ba. Jiya sau uku na gwada shi, ko ɗigo bai zuba ba.

Yau ga ruwa yana bin bango.

"Minti goma sha biyar ya rage miki," in ji malamin jarrabawa.

Na waiga. Cikin iyayen da aka gayyata akwai Hajiya, mahaifiyar Dogo, ɗan ajin lantarki da muke soyayya. Kusa da ita 'yar ƙanwarta ce, 'yar ajinmu, wadda tun tana goyo take ganin Dogo nata ne. Ita ta matsa wa Hajiya ta zo.

Wata uku ke nan da Dogo ya kai mata maganata. Amsarta har ni ta iso.

"Mai hawa tsani? Mai warin gam? Mata sun ƙare ne?"

Yanzu ga ni tsamo-tsamo a gabanta...

Dogo ya gifta ta bayana kamar mai neman wani abu.

"Ki nutsu, rabin raina. Kin san aikinki."

"Kai, bar wurin nan," malam ya ce.

Na ja numfashi. Na fara rufe babban famfo, na tara bokiti inda ruwan ke zuba, sannan na bi bututun da busasshen tsumma, gaɓa bayan gaɓa. A bayan tanki na samo notin da ke yoyo. Kowane noti na ɗaure sai na ja masa layi da fenti, wannan kuwa layinsa ya goce, ga sabon tabon sifana a jikinsa.

Kwance shi aka yi.

Zuciyata ta ce in faɗa kowa ya ji. Na haɗiye. Na ɗaure notin, na hau tsani na juye ruwan bokitin cikin tanki, na buɗe famfo.

Allurar ta hau. Ta tsaya cak.

Malam ya taɓa ruwan da ke fita, ya janye yatsa da sauri.

"Lokaci na ƙure miki, kika tsaya tarar ruwa?"

"Malam, ku kuka koya mana. Ginin da ke zubar da ruwa da wuta bai gamu ba, ko da komai nasa na aiki."

Ya yi rubutu ya ce, "Kin ci."

Na zauna a kan akwatin kayan aiki ina hamdala.

Sai ga Hajiya tsaye a kaina. Na durƙusa na gaishe ta.

"Me ya sami abin naki?"

"Noti ne ya kwance, Hajiya."

"Da kansa?"

Na sunkuyar da kai.

Ta juya wurin 'yar ƙanwarta. "Da safe kin bar ni a mota, kika ce kin manta littafi a ɗakin nan. Kin dawo ba littafi, ga baƙin mai a bakin mayafinki."

"Inna, wallahi ni..."

"Kada ki haɗa da rantsuwa. Je ki jira ni a waje."

Ta fita tana sharar hawaye. Hajiya ta daɗe tana kallona, har na fara jin nauyin rigar aikin da ke jikina.

"Kin san wadda ta yi, kika rufa mata asiri."

"'Yarki ce, Hajiya."

Ta gyara murya. "Ɗakina kamar tanda yake. Yini esi ke yi a kunne, ga tari ya ƙi barina. Kina da abin cewa?"

Ranar Asabar na je. Matatar esin ta toshe da ƙura, silin babu abin tare zafi, tagar yamma kuma rana na dukanta tun azahar. Na wanke matatar, muka shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, muka kafa rumfa a kan tagar. Dogo na miƙo mini ƙusa yana murmushi kamar wanda aka yi wa bushara.

"Masoyiya, kin ga yadda take leƙenki?"

"Ka riƙe bakinka, tana ji."

"Ina ji kuwa," Hajiya ta ce daga falo.

Bayan sati biyu tarin ya lafa, esi kuma sai da rana tsaka ake kunna shi. Ita da kanta ta kira ƙanin mahaifin Dogo ta ce su shirya zuwa gidanmu.

Ranar da aka kai ni, ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Wata baƙuwa ta tambaya wace sana'a amarya take yi. Kafin in buɗe baki Hajiya ta riga ni.

"Ki zo ɗakina da azahar ki zauna, za ki sani."