Bula a Takalmin Inna

"Kulsumi, mi kika yi ma takalmin Inna?"

Ƙanwata ba ta ɗago kai ba. Tana durƙushe bayan ɗaki, takalman suna kan tabarma a gabanta, hannuwanta duk shuɗi.

Inna ce ta sayo su a Makka shekarar da ta yi aikin hajji, farare, na yadin satin mai santsi da ƙyalli. Ta ce na matar Kalilu ne, wato matata, ko wace ce ita. Ba ta ga matar ba. Shekara uku ke nan da rasuwarta, takalman suna ƙasan akwati. Jibi kuma za a kai lefena Argungu, gidan su Riskuwa.

Cikin kuka Kulsumi ta ce ta buɗe akwatin ne ta ji ƙanshin turaren Inna, sai ta saka su. Taku goma kawai ta yi a tsakar gida, ta manta an yi ruwa da asuba. Da ta ga laka ta ruɗe, ta dirje su da soso, ta zuba bula kamar yadda take yi wa fararen rigunan Baba, ta shanya a rana.

Na ɗaga hannu... na sauke. Ban taɓa dukanta ba.

Goggo Laure, wadda ta riƙe Riskuwa tun tana goyo, ita za ta buɗe lefen gaban mata. Tun farko ba ta so na. Ta ce yaron da ya gudu daga sakandare a aji biyu, ya bar ɗinki, ya bar tashar mota, mace ma zai bari. Ta kuma rantse idan ta ga abu ɗaya da wata ta taɓa sakawa, akwatin lefen zai koma Birnin Kebbi a ranar. Cire takalman ba zai yiwu ba, don ta gan su sababbi lokacin da ta zo yi wa Inna barka da dawowa, kuma su za ta fara tambaya. Baba kuwa, idan ya ji, Kulsumi ba za ta sake jin daɗin gidan nan ba.

Na naɗe su a zane na tafi unguwar Gesse wurin Malami mai wanki da guga, wanda ke yi wa ma'aikata wanki.

Ya juya su a hannu ya yi tsaki. "Ango, wanga aiki na wa ne? Ko buhun albasa ba a yi mai haka."

Na ce ya taimake ni, ya bar tambaya.

Ya zaunar da ni ya ce da hannuna zan yi, tunda ban taɓa gama komai ba a rayuwata. Ya ba ni buroshi mai laushi na kakkaɓe busasshiyar lakar. Ya kawo ruwan sanyi a kwano da ɗan farin sabulu da tsumma fari. Ya ce satin ba a goge shi, dangwalawa ake yi, a bi inda zaren ya kwanta, a jiƙa fuskar takalmin duka don kada ruwa ya bar zobe. Muka cusa tsumma a ciki, muka ajiye su a inuwa.

Na zauna ina gadinsu har la'asar. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya.

Lakar ta fita tas. Bular ta ƙi. A bakin ƙafar hagu ta bar tabo kamar yatsa, shuɗi-shuɗi. Malami ya ce ko Sakkwato na kai su, haka za su dawo.

Washegari na shiga motar Argungu da takalman a jaka, ban san abin da zan ce ba. Na yi ta tunanin in wuce kawai, in bi mota zuwa Kamba, in ɓace kamar yadda na saba.

Riskuwa ta fito zaure tana warin hayaƙin kifi, tana goge hannu da gefen zane. Ta ce wane irin ango ne ke zuwa ana gobe lefe, ko na zo janye magana ne. Da ta ga fuskata ta daina dariya.

Na gaya mata komai, har kukan Kulsumi.

Ta karɓi takalman ta daɗe tana kallon tabon.

"Ta yi kewar uwarta ne," ta ce a hankali. "Ni ban ma san ƙanshin tawa ba."

"Riskuwa, Goggo za ta maido akwatin."

"Na sani."

"To mi zan yi? In na faɗi gaskiya na kashe Kulsumi, in na ɓoye na rasa ki..."

Ta zauna a dakali ta cire silifas ɗinta. Ta saka na dama, ta saka na hagu. Sun yi mata cif kamar an auna.

"Masoyina, lefe kam ba a kai takalmin da wata ta saka. Amma ba a ce amarya ba ta da rawar kai ba."

Kafin in gane, ta miƙe ta shiga gida da su a ƙafa. Ta labulen zaure na hango ta ta nufi bakin rijiya, inda ake wankin kayan biki, ta taka tsakiyar ruwan bular da aka zubar.

Salatin Goggo Laure har titi. Na ji Riskuwa tana cewa ita ta matsa mini in kawo ta gani, ita ta ƙwace ta saka. Goggo ta kira ta mara kunya, mara haƙuri, ta ce duk Argungu za ta ji, kuma ta ji ɗin. Har ranar ɗaurin aure mata suna nuna ta da baki.

Lefen bai dawo ba.

Ranar da aka kawo ta gidanmu, bayan 'yan rakiya sun watse da yamma, Kulsumi ta tsaya a ƙofar ɗaki da kwanon tuwo, ta kasa shiga. Riskuwa ta ɗaga mayafi ta dube ta.

"Shigo mana, ƙanwata. Zo ki ba ni labarin Inna."