Inda Kamfani Yake Kwana

In ka bi ta gonakin rani na gefen Watari, za ka ga wani gida mai jan ƙyaure da tayil har katanga. Kada ka yi sallama. Mutum ɗaya ne a ciki, sunansa Zaharaddini, kuma sallama ce abin da ya fi tsoro a duniya.

Ɗan boko ne, kwamfuta ya karanta. Wayo kam Allah ya ba shi, har ya yi masa yawa. A gidan gado yake zaune da mahaifiyarsa Inna Huseina, da yayansa Khalilu mai noman tumatir, da matar shi Zaharaddinin, Ramlat, mai goyon 'yarsu. Wata shekara sai wasu Turawa suka sauka a wata cibiyar fasaha a Kano da manhajar waya mai gaya wa manoma lokacin ban ruwa. Lauyansu, Barista Najib, ya ce sai sun yi wa kamfaninsu rajista a nan ƙasar, ya kuma ba su shawarar su sa ɗan gida a cikin daraktoci. Mutum goma sha ɗaya suka nemi kujerar, kuma Zaharaddini ya san ba shi ne a gaba ba.

Ranar ganawa lauyan ya faɗi wata magana da ta zauna masa a rai. Ya ce, "A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa. Abin da ya hau kansa bai hau kan darakta ba."

Da wannan maganar Zaharaddini ya tafi wurin wani boka a bayan Ɗambatta, ranar Laraba, rana tsaka. Bukka ce a gindin tsamiya, ba taga. A ciki akwai tukunya a kife an ɗaura mata jan ƙyalle, da ƙahon rago cike da toka, da ƙwaryar da jini ya bushe a bakinta har ya yi baƙi. Ko ƙuda babu.

Bokan bai ɗago kai ba. Ya ce, "Kujerar taka ce. Amma mutanena ba sa aiki a banza. Duk kaka za su zo su ɗauki rabonsu, kuma mai numfashi suke ɗauka."

"A wurin wa?"

"A wurin wanda aka yi wa aiki."

Zaharaddini ya gyara zama. "To ba ni ba ne, kamfani ne. Shi ma mutum ne. Yana da suna, yana da ranar haihuwa, yana da hatimi."

Sai a nan bokan ya dube shi. "Yana da jini?"

"Doka ba ta tambayi jini ba."

"To ina yake kwana?"

"A adireshinsa."

"Shi ke nan. Inda aka rubuta masa gida, can za su riƙa yin sallama. Ka yarda?"

Zaharaddini ya hango benen cibiyar nan a Kano, cike da baƙin fuskokin da bai san uwar kowa a cikinsu ba. Ya ce ya yarda. Bokan ya yanka baƙin zakara a kan tukunyar, ya dangwala babban yatsan Zaharaddini a jinin, ya manna a jan ƙyallen. Mutumin naku ya fito yana murmushi, wai shi ya yi wa aljanu wayon lauya.

Bayan kwana tara aka kira shi, kujera ta zama tasa. Barista ya ajiye masa takardu shafi arba'in, ya sa hannu duk inda aka nuna masa, ko layi ɗaya bai karanta ba. Arziki ya ɓarke. Manoma daga Watari har Ɗambatta suka hau manhajar, aka rushe katangar ƙasa aka yi ta bulo, mota ta tsaya a ƙofar gida.

Da kaka ta farko, ana sussukar gero, Inna ta ji sallama sau uku da azahar. Khalilu ya fita ya amsa. A zaure aka same shi a zaune, idonsa a buɗe, jikinsa ya yi sanyi, ba rai. Zaharaddini ya yi kuka, ya ce ajali ne. Da kaka ta biyu Inna ce ta amsa daga kan tabarmarta, ba ta ƙarasa “wa alaikumus salam” ba. Daga ranar Ramlat ta fara toshe kunnuwa da tsumma, tana ihu wai a rufe ƙofa ko da ƙofar a rufe take.

Ana zaman makokin Inna wasiƙar ofishin haraji ta iso gidan, da sunan kamfani a bayanta. Nan take Zaharaddini ya ɗauki waya. Ya kira lauya.

Barista ya ce, "Ai Turawan hayar tebur kawai suke yi a cibiyar, ni kuma adireshi mai ɗorewa nake so, shi ya sa na sa gidanku. Yana shafi na uku, ka sa hannu."

"A sauya shi yau."

"Sai daraktoci biyu sun amince. Su kuwa sun tattara sun koma ƙasarsu tun watan jiya, ko waya ba sa ɗauka."

Zaharaddini ya koma bukkar. Bokan ya saurare shi tsaf, ya ce, "Kai ka kawo doka, ni ban san ta ba. Kuma kada ka ce za ku gudu. In suka tarar da kango, za su bi sawun mutanen gidan, daga ƙarami za su fara."

A cikin makon ya kai Ramlat da 'yar gidan iyayenta a Bacirawa, ya dawo shi kaɗai. Ya sallami mai gadi. Awakin Inna ma ya rabar, ya san ba su ake nema ba. Maƙwabta sun daina shigowa. Yana dafa wa kansa abinci, ya ci a zaure, a daidai inda aka sami Khalilu. Kewar 'yarsa na cin sa, amma ko hotonta ba ya ajiyewa a gidan.

Ku masu gaggawar arziki, ku ji da kyau: babu takardar da za ta shiga tsakaninku da abin da kuka ƙulla a gindin tsamiya. Wanda ya yarda a ɗauki ɗan wani, ya riga ya buɗe ƙofar gidansu.

Gero ya nuna a Watari, jibi za a fara girbi. Zaharaddini ya share zaure, ya bar ƙyauren a buɗe, domin in an yi sallama a same shi a gida.