Kwana Bakwai da Aka Zaɓa

Sufeto Ikrima Shehu na ofishin 'yan sanda na Gwaram ba ya son ƙarar satar waya, don wahala ce kawai. Amma tsohuwar da ta zo daga Fagam ranar Litinin ta sa ya ajiye biro.

Sunanta Barira. Mijinta, Malam Safiyanu, ya rasu sati uku da suka wuce.

"Ɗana, ba wayar ce ta dame ni ba," in ji ta. "Malam na ciki. Kafin ya cika ya sa aka ɗauke shi bidiyo, awa guda yana yi wa 'ya'yansa magana. Ba mu da wani hotonsa."

"Babu inda aka ajiye kwafi, Inna?"

"An tura wa 'yata Ummussalma a Legas. Ɗana Sada ya kai ni wani shagon kwamfuta a Birnin Kudu, don bidiyon ya yi wa wayar nauyin turawa."

Sufeto ya kira Ummussalma. Cikin kuka ta ce ba ta sauke ba. Yayanta Sada ya ce mata babu gaggawa, ta jira ta sami data. Jiya ta danna, aka ce babu komai.

Da aka kira Sada ofis, ya zauna yana murza hula.

"Yallaɓai, ranar Asabar da aka yi satar ina Basirka. Ni manomi ne, me na sani a intanet? Ranar da muka je shagon ma, bakin ƙofa na tsaya."

Sufeto ya sallame shi. Washegari ya hau mota zuwa Birnin Kudu.

Mai shagon, Juwairiyya, mace ce mai bakin magana, ba ta jira tambaya ta biyu ba.

"Shafukan intanet biyu na nuna musu. Ɗaya sai ka yi rajista, amma yana ajiye maka abinka. Ɗayan babu rajista, sai dai bayan kwana bakwai yana gogewa. Na ce su ɗauki na farko."

"Wa ya zaɓa?"

"Ɗan nata. Sau biyu ya tambaye ni ko in ya goge ana iya dawo da shi. Na ce ko ni ban isa ba."

"Yaushe aka tura?"

Ta duba kwamfuta. "Juma'ar waccan."

Sufeto ya ƙirga da yatsu. Bidiyon ya goge ranar Juma'a, waya ta ɓace Asabar. Ya so a ce baƙo ne ɓarawon.

Ya haɗa uwa da ɗa a ofishinsa.

"Sada, wanda ya tsaya bakin ƙofa ba ya tambayar ranar da bidiyo zai goge. Ina wayar?"

Sada ya sunkuyar da kai.

"Na farfasa ta da dutse, na watsa a rafi."

"Saboda me?"

"Na saci kallon farkon bidiyon. Baba ya ce na sayar da shanun huɗarsa yana kwance, na ce sace su aka yi. Gaskiya ya faɗa. Sai na kashe wayar. Ba zan iya jure 'yan'uwana su ji wannan daga bakinsa ba."

Barira ta dafa tebur.

"Farkon kaɗai ka kalla?"

"Shi kaɗai, Inna."

"Wayyo, Sada. A ƙarshe ya kira sunanka sau uku. Ya ce ya yafe maka duniya da lahira, ya ce kada wanda ya ƙara tayar maka da zancen. Na yi shiru ne don ka ji da muryarsa, ba da tawa ba."

Sada ya ɗago kai, bakinsa a buɗe. Ya juya wajen Sufeto.

"Yallaɓai, babu yadda za a yi a dawo da shi? Ko minti ɗaya?"

Shekara goma sha tara Ikrima yana aikin nan, bai taɓa jin tausayin mai laifi irin na yau ba.

"Babu," in ji shi.

Wani kofur ya kama hannun Sada. A bakin ƙofa ya tirje, ya waiwayo.

"Inna, yaya ya faɗe shi? Faɗa min yadda ya ce."

Ta buɗe baki, kuka ya ci ƙarfinta. Aka wuce da shi.